Rubu'in Amfiyar Baba Modu

Jama'a, wallahi wannan abu a kan idona ya faru, zamanin mulkin En'e, lokacin ina aikin lantarki a wani ɗan asibiti a Kazaure. Mu biyu ne a kan injin wutar, ni da Baba Modu, wani dattijo Babarbare mutumin Kanya Babba, shi ya koya min aiki, shi ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Kullum yakan ce, "Ɗana, waya ba ta ƙarya. Bolt, wato ƙarfin wuta, sau amfiya, wato yawan gudunta a waya, ka san wutar da ake sha. Raba bolt da amfiya, ka san turjiyar abin da ke shan ta."

Yana da ɗan ɗaki jikin rumfar inji, da ƙwan fitila ɗaya mai wat sittin, a ƙarƙashinsa yake karatunsa don idonsa ya fara rauni. Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi gida, kafin in samu zuwa gaishe shi sai labarin rasuwa. Allahu akbar. Da hannuna na kwance ƙwan nan, na yanke wayar ɗakin na naɗe ta.

To wata rana da hantsi ina gwajin inji, na kashe komai na asibitin, sai na ga allurar mita ta ƙi kwanciya, ta tsaya cak a kan rubu'in amfiya. Gabana ya faɗi, don in wuta na zurarewa wani wuri, ga mata da yara suna dafa ƙarafan baranda, rai za a rasa. Na bi waya kaf, na canja mita, allura tana nan. Sai na tsuguna na yi lissafi a ƙasa da tsinke: bolt ɗari biyu da arba'in sau rubu'i, wat sittin. Na raba, turjiya ta ba ni om ɗari tara da sittin, daidai ta ƙwan wat sittin in yana ci. Kai! Na leƙa ɗakin Baba Modu, ba ƙwai, ba waya, sai tabarmarsa.

Haka muka zauna da allurar nan har matarsa, Iya Falmata, ta fita takaba ta zo kwashe kayansa. Na ce, "Iya, yaya ƙarshensa ya kasance?"

Ta ce, "Ɗan nan, idon ne ya rufe gaba ɗaya. Ga rana tsaka, yana ta cewa ɗakin ya yi duhu, a kira ka ka kunna masa ƙwansa. Da sunanka a bakinsa ya cika."

Na kasa riƙe hawaye, na ja ta na nuna mata mitar, na gaya mata komai. Ta daɗe tana kallo, sannan a hankali ta ce, "Malam, ga yaronka nan ya ji. Ka huta haka nan."

Na rantse da Allah, muna tsaye allurar ta sauka ta kwanta.

Har yau ban san me ya sha wutar nan ba, kuma ban tambayi kowa ba. Ni dai shawarata, in kun ji wani naku ya kwanta, ku ajiye abin da ke hannunku ku tafi a ranar.