Mai Baƙin Allo a Kasuwar Bagudo

Ban san sunansa ba. Yana zaune a shagon wanke hoto, tabaransa ɗaure da zare, yana buga fararen haruffa a baƙin allon kwamfuta da yatsa biyu. Yana ƙunƙuni da Faransanci. Wataƙila a Benin ya koyi aikin.

Na kawo hoton aminina Arzika, Allah ya jiƙansa, da ke cikin wayata, don sanin ranar da aka ɗauke shi. Mutumin ya buga layi ɗaya, sai dariya.

"Malam, hoton ya ce shekarar 2041. Abokinka bai saita kwanan wata a wayarsa ba. In gyara?"

"Bar shi," na ce. "Ashe shi ya sa wayata ke ɗaukarsa sabon hoto, kullum shi nake fara gani."

Ya janye hannu, ya miƙo mini goro.