Mai Wanki Ba Ta Ƙirga Kanta

Faɗanmu ɗaya da Mai Wanki, kuma a kan igiyar shanya ne. Ɗakinta na kallon nawa, igiya ɗaya ta ratsa tsakar gida, ita kuwa ta cika ta da zannuwan gadon mutane, ko inda zan rataya ɗankwali babu. Na ce, "Ke kika haifi igiyar nan?" Ta ce, "Iya, da ni na haife ta ai da ta fi haka tsawo." Na sauke zani biyu na jibga mata a ka. Ba ta yi fushi ba, ta je ta sake ɗauraye su. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Ta fi shekara ashirin tana wanki da guga. Sabulu ya cinye mata hannu, duk gaɓar yatsa da tsagarta. In tsagar ta yi jini sai ta cusa mai, ta koma cikin baho. In za ta raba abinci, kwano biyar take jerawa: na mijinta mai gyaran keke, na uwarsa, na 'yarta, na jikoki biyu. Ita a tsaye take kankare tukunya. Duk wanda ya tambaye ta mutum nawa ne a gidanta, biyar za ta ce masa.

Ƙaramar jikar ce ta fara, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ta warke aka manta. Bayan mako guda wani ƙarfe ya yanki mijin a ƙwauri, yankan da ko kaza ba za ta kula ba. Kwana biyu ƙafa ta kumbura ta yi ja, ƙato yana kuka da hawaye. Mai Wanki ce ke wanke ciwon, ta wanke tsumman da hannun nan nata, ta shanya a igiyata.

A asibiti aka kwantar da shi. Ma'aikaciyar jinya ta ce ƙwayar cutar maƙogwaro ce ta samu ƙofa ta shiga jini, kuma duk wanda ya kwana gida ɗaya da shi a makon nan zai iya kamuwa, balle tsoho ko mai buɗaɗɗen ciwo. Tana rubutu ta tambayi Mai Wanki, "Ban da shi, mutum nawa ne a gidan?"

"Huɗu."

Ma'aikaciyar ta ɗauka har da ita a ciki, ta sa aka ba ta maganin mutum huɗu. Mai Wanki ta dawo gida ta raba: surukarta, 'yarta, jikoki biyu. Safe da yamma tana tsaye a kansu sai sun haɗiye. Tsohuwar ta ɓoye ƙwaya a kunci, Mai Wanki ta sa mata yatsa ta zaƙulo.

Da hannun Mai Wanki na dama ya fara zugi, ta ce dutsen guga ne ya taɓa ta. Ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba, don akwai kayan mutane jiƙe a baho. 'Yarta ba ta lura ba, hankalinta na wajen ubanta.

Igiyar ce ta tona ta. Wata safiya na ga zannuwan da ta shanya suna zubar da ruwa kamar ba a matse ba, matar da in ta matse zani sai ya yi ƙara. Na je na kama hannun na warware ƙyallen. Ya yi suntum, ja ya haura wuyan hannu, jikinta kamar garwashi.

"Ina naki maganin?"

"Iya, na mutanen gida aka bayar."

"Ke baƙuwa ce?"

Ta ce bari ta ƙarasa wankin da ke baho. Na sa ƙafa na kifar da bahon, na tasa ta gaba.

An ceto hannun, yatsu biyu suka tafi. Mijin ya fito yana ɗingishi. Wanki ya ƙare, sai suka shirya komawa wajen wani ɗansu da ke zaune a wata unguwa. Igiya ta zama tawa ni kaɗai, ba ni da abin cika ta.

Ranar tashi, an gama ɗora kaya a mota, direba ya leƙo ya ce mutum nawa zai bar wa wuri. Ta ce biyar.

Na ce, "Shida. Yatsu takwas suka rage miki, sun ishe ki ƙirgawa."