Kilo Biyu a Sikelin Riɗi

Mainassara ɗan yayata Tani ne, wadda aka kai aure Yekuwa tun ban fara kasuwa ba. Ni sunana Idrissa. Shekara talatin na yi ina sayen riɗi a kasuwar Magariya, in auna a sikeli, in loda wa masu kamiyo, manyan motocin kaya, su haura da shi Kano. Wanda ya san Mainassara a yau, mai amalanke ya sani, mutum mara yawan magana da ke noman gero da wake yana jan ruwa da bijimi. Ni na san shi lokacin da garin nan ke sa ran jin sunansa a rediyo, kuma ni kaɗai na san abin da ya hana.

Hannunsa nauyi ne da shi tun yana kiwon awaki. Sai dai gidansu ba mahauta ba ne, kuma ubansa ya rantse ɗansa ba zai ɗaura zare ya shiga fage ana kaɗa masa kalangu ba. Da ya ci jarrabawar shiga kolej aka kawo shi gidana. Karatu dai, in faɗi gaskiya, bai karɓe shi ba. Abin da ya samu a lakwal, wato makarantar boko, shi ne Mushe Abdul Razak (Mushe muke ce wa malamin lakwal), malamin motsa jiki, wani siririn mutum mai karyayyen hanci da ya koyi damben boko a Yamai yana saurayi. Mushe ya rataye buhun yashi a reshen bedi a bayan gidansa, ya ajiye tsofaffin safar dambe da baduku ya gaji da yi wa faci. Samari da yawa sun je, sun yi sati biyu sun gudu. Mainassara shekara bakwai ya yi a ƙarƙashin bedin nan. Uban nasa, da aka ce masa wannan damben na lakwal ne, babu kiɗa babu layu, sai ya kau da kai.

A wayar Mushe akwai bidiyon wani ɗan damben Ingila, ba dogo ba, ba ƙato ba, wanda aka ce leburanci ya fara yi kafin dambe ya zama sana'arsa. Mainassara ya kalli mutumin nan har ya san lokacin da zai sunkuya. Yakan kawo mini wayar rumfa ya ce, “Kawu, dubi ƙafarsa, ba hannunsa ba. Ajinmu ɗaya da shi, masu matsakaicin nauyi.” Ni kuma in ce masa na ga ƙafar, ya matsa mini in yi ciniki.

A bakinsa na fara jin cewa a damben boko sai an auna mutum kamar buhu kafin ya shiga fage. Kowane aji da iyakarsa, ta ajinsa kilo saba'in da biyar ce, kuma in ka haura ko da rabin kilo ne ba za ka yi wasa ba. Dariya abin ya ba ni. Mu da muka tashi muna ganin guntun mutum ya kayar da ƙato a fagen dambe ba wanda ya tambayi nauyin kowa, yau an ce sai da sikeli. To, sikelin ƙarfe mai faranti da aka yarda da shi a unguwar nan nawa ne. Duk ranar kasuwa Mushe zai zo da Mainassara, a sauke buhu, ya tuɓe riga ya hau, manoma su kewaye suna yi masa kirari. Har daɗi abin ke yi mini, don yana jawo mini mutane.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ƙarƙashin maratayin dutsen sikelina akwai ɗan guntun darma da na manna, bai kai ƙwayar dabino ba. Aikinsa ya rage kilo biyu a duk abin da aka ɗora. Na gaya wa kaina hakkin ƙasa da ƙaiƙayi ne da manoma ke bari a cikin riɗi, kuma kowa a sana'ar nan yana da irin tasa dabarar. Cikin waɗanda nake auna wa kaya duk kaka har da mutanen Yekuwa, har da Yaya Tani, wadda ta goya ni, take kawo buhunta biyu na gayauna ta ce ba ta yarda da kowa ba sai ƙanenta.

Shekarun farko darmar ba ta cuce shi ba. Jikinsa bai gama cika ba, yana ƙasa da iyakar sosai. Sau huɗu ya je Damagaram, sau huɗu ya dawo da nasara, ɗaya ma abokin karawar bai kai ƙarshen zagaye na farko ba. Yana da shekara ashirin da biyu takarda ta zo: an zaɓe shi ya je gasar ƙasa a Yamai, inda za a ɗebi waɗanda za su wakilci ƙasar a waje. A lokacin kafaɗa ta buɗe, ƙirji ya cika, sikelina ya nuna saba'in da takwas. Ni kaɗai a wurin na san tamanin ne.

Wata biyu ya yi yana ramar da kansa. Ya bar tuwo, ya bar fura, ya bar shayi mai sukari. Matata takan dafa masa ganyen zogale da ƙwai biyu, ya ci yana kallonmu muna miyar kuɓewa. Da asuba ya fita gudu kan hanyar Tinkim, ya dawo riga sharkaf. Sati-sati lambar na sauka: saba'in da bakwai, da shida, da biyar da rabi. Ni nake tura dutsen nan, ni nake karanta lambar da ƙarfi.

Na yi tunanin in ɓamɓare darmar. Amma a bainar jama'a ake awon, kuma kilo biyu ba sa hawa jikin mai cin zogale a sati guda. Mushe zai tambaya, manoma za su ji. Na yi tunanin in ja Mainassara gefe in gaya masa. Amma yaron bai iya riƙe ƙarya ba ko ta wasa, kuma gaya masa daidai yake da in ce shekara da shekaru ina cin riɗin uwarsa. Abin da na iya shi ne na ce wa Mushe, “Da ka sa shi ya ƙara saukowa kaɗan, saboda halin tafiya.” Ya ce, “Haba Malam Idrissa, in ya wuce haka ƙarfinsa zai tafi. Sai dai in ba ka yarda da sikelinka ba.” Na ce sikelina ba ya kuskure.

Allah ma ya ba ni ƙofa, na rufe ta da hannuna. Saura kwana biyar su tafi, Mainassara ya je karɓar takardar lafiya, ya hau ɗan ƙaramin sikelin da ke ɗakin likita. Suka zo rumfata shi da Mushe, fuska ba daɗi.

“Kawu, wancan ya ce saba'in da shida da rabi.”

“Wanne?”

“Na wurin likita.”

Na yi dariya, dariyar da har yau nake jin ƙararta a kunnena. Na ce, “Wannan abin robar da mata masu ciki ke hawa tun safe har yamma? Shi za ka haɗa da ƙarfe? Hau nan mu gani.” Ya hau. Saba'in da huɗu da rabi. Mushe ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ka ji maganar masu sana'a.” Na raka su tasha ranar tafiyar, har na sa masa albarka. A raina ina cewa mutanen Yamai ba za su kori mutumin da ya yi tafiyar yini guda cur ba saboda abin da bai kai tiyar gero ba.

Sun kore shi. Sikelin gasar ya nuna saba'in da shida da rabi. Aka ba shi awa biyu ya rage nauyin. Ya sa ledoji a ƙarƙashin riga ya yi ta gudu cikin ranar Yamai, yana tofar da yawu, har ya faɗi aka ɗaga shi. Da ya sake hawa, saura gram ɗari bakwai. Aka soke sunansa. Bai jefa naushi ko ɗaya ba.

Ina tasha da la'asar lokacin da motarsu ta iso, da ni da samarin unguwa da ba su ji labari ba. Mushe ya sauko bai gaishe da kowa ba, ya juya ga Mainassara a gaban mutane ya ce, “Gaya musu da bakinka. Gaya musu abin da ka ci a hanya lokacin da nake barci.”

“Wallahi Mushe ruwa kawai na sha.”

“Kada ka rantse mini! Shekara bakwai na ba ka. Da ka ce yunwa ta fi ƙarfinka da na yafe. Ƙaryar ce ba zan ɗauka ba. Ga kawunka nan, a gabansa aka auna ka. Malam Idrissa, nawa ya yi?”

Mainassara ya dube ni, leɓensa duk sun tsage. Na ce, “Saba'in da huɗu da rabi.” Ban ƙara komai ba.

Kasuwa ba ta da tausayi. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa Ci-a-ɓoye, masu tsire na kiransa ya zo su sammasa. Sau uku ya je gidan Mushe, sau uku aka ce ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a zaure. Bayan wata biyu ya naɗe tabarmarsa ya koma Yekuwa. Ya gode mini, ya gode wa matata, ya ce mu yafe masa wahalar da ya ba mu a banza. A shekarar aka mayar da Mushe Mallawa, buhun yashin ya ruɓe a jikin bedi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya auri Habsatu, suna da 'ya'ya huɗu. Mutanen ƙauyensu sun shaida bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, ko bijiminsa da murya yake kora shi. In ana kallon dambe a wayar wani, tashi yake. Da kansa ya kasa gane abin da ya faru; ya taɓa ce wa uwarsa wataƙila jifa aka yi masa, wataƙila kuma ya sha ruwan da yawa bai sani ba. Ni kuwa na cire darmar tun ranar da ya bar gidana, kamar hakan zai mayar masa da wani abu. Duk kaka yana kawo mini riɗinsa, yana tsayawa a nesa da faranti.

Bara, bayan girbi, Mushe Abdul Razak ya rasu a Mallawa. Mainassara ya ɗaura amalanke ya je jana'iza, aka ce mini ya tsaya a sahun baya. Kunya ce in faɗa, amma da na ji rasuwar sai na ji maganar ta yi mini sauƙin fita, tunda wanda na fi jin tsoron idonsa ya tafi. Na hau kabu-kabu na tafi Yekuwa. Na same shi da hantsi a bakin rijiya, bijimi na jan guga. Ya yi murna, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. Na gaya masa komai, darmar, kilo biyun, riɗin uwarsa, dariyar da na yi wa sikelin likita. Na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama.

Gugan ya iso bakin rijiya, bai karɓa ba, ruwan ya zube ya koma ciki.

“Ke nan ban ci komai ba,” ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana.

“Ba ka ci ba.”

“Kawu, yaushe ka ji rasuwar Mushe?”

“Ranar da ya rasu.”

“Kuma ka san yana jinya?”

Na ce na sani. Wata huɗu Mushe ya yi a kwance, kuma daga Magariya zuwa Mallawa ba tafiyar da za ta gagari mai babur ba ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Maganar Yamai na yafe, ƙila ma da na shiga an doke ni. Riɗin kuwa tsakaninka da Inna ne. Amma na je gaishe shi yana kwance, Kawu. Na durƙusa na riƙe hannunsa. Ya ce mini, ‘Mainassara, yanzu dai gaya mini gaskiya in tafi da ita.’ Na ga halin da yake ciki, na ga ba zai huta ba.” Ya share fuska da bakin rigarsa. “Sai na ce masa na ci. Na ce kilishi ne, a tashar Maraɗi. Ya ce ya yafe mini.”