Kwalabe Biyu na Bulus

Shekarar da korona ta rufe kasuwar Kafanchan, a cikinta aminina Bulus ya rasu. Yau shekara biyar ke nan.

Bulus maƙerin reluwe ne, ni kuma malamin allo. Shi coci, ni masallaci, amma inuwar mangwaro ɗaya muke sha. Da ƙugunsa ya lalace, likita ya ce a sa masa na ƙarfe. 'Yarsa Rifkatu, wadda nas ce, ta yarda nan take. Ni na hana. Na ce masa jikin mutum ruwa ne da gishiri, kuma ya fi kowa sanin abin da damina take yi wa ƙarfe.

Bulus bai yi musu ba, gwaji ya yi. Ya cika kwalabe biyu da ruwan gishiri, ya jefa ƙusar reluwe a ɗaya. A ɗayar ya jefa wani ɗan noti da Rifkatu ta samo, na titaniyam, irin ƙarfen da ake dasawa. Ni na rubuta ranar da ajami a jikinsu. Na ce ya jira damina uku. Ya jira a kan kujera, da ciwo, bai ga ta ukun ba.

Tun ranar jana'iza Rifkatu ba ta ƙara gaishe ni ba. Ban ga laifinta ba.

Bana nawa ƙugun ya kama, har salla sai a zaune. Makon jiya sai ga ta da kwalaben. Ƙusar ta zagwanye, ruwan ya yi ja. Notin kuwa fes, kamar jiya aka jefa shi. Ta ce ƙarfen yakan yi wa kansa wata siririyar fata da tsatsa ba ta ratsawa. Da Bulus na nan, da ya yi mini dariya har ya yi tari.

Na ce, "Rifkatu, na hana babanki tafiya da ƙafarsa. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon rubutuna na jikin kwalaben. Sannan ta ce, "Na yafe, Baba Malam. Amma kai ba za ka jira damina ba. Talata za mu ga likita."

Haƙurin Bulus na gwada abu kafin magana, shi ya bar mana a cikin kwalba. Ranar Talata na riga ta shiryawa.