Malberin da na dasa a gidan haya

Na dawo daga aiki yau na tarar mai gidan da muke haya a unguwar Morrisania, nan Amurka, ya sa an sare bishiyar malberina. Wai 'ya'yanta na ɓata masa siminti.

Ranar da na dasa ta, maƙwabciyata Hajiya Ladi ta ce, "Ɗana, ɗan haya ba ya dasa bishiya, ko da ta 'ya'yan itace ce irin malberi. Shuka sitiroberin daji a bokiti. Shi ma yana jure dusar ƙanƙara, kuma in ka tashi sai ka ɗauki abinka."

Na ce, "Hajiya, a garinmu inda mutum ya zauna yakan bar inuwa."

Shekara shida sanyi bai kashe ta ba, sai zarto. Bokitin Hajiya kuwa ya yi jajir da 'ya'ya.

'Yan haya a ƙasar mutane, ku me kuke shukawa?