Ƙasar Suri a Bayan Rumbu

Ni ban san baƙi ba, faɗi nake ana rubutawa, don haka in na yi shiru a tsakiya, kuka ne ya tare ni. Maigidana ya rasu da rani, kuma har yau in an ambace shi sai hawaye ya zubo. Ba na ɓoyewa, ba na jin kunya.

A garinmu, nan kusa da Deule, mutane ba su cika cin naman kaza ba, wannan farin tsiron mai laima da ke fitowa bayan ruwa. Shi kuwa yana ci, tun yana yaro wajen kiwo ya koya. In damina ta zauna, ya kan sauka fadama da sassafe, ya zagaya wani tsohon suri, ya komo da shi cike da hula. Ni in soya da albasa da ɗan yaji. Yara su ce ƙazanta ce, mu biyu mu cinye abinmu muna dariya. Abin da ya sha gaya mini shi ne, na jikin suri kaɗai ake ci. Wanda ya fito a kashin shanu, ƙarami mai ruwan ƙasa, laimar kwaɗi ce, ko akuya ba ta kula ta.

Da damina ta farko ta zo babu shi, sai na ji ina son wannan ɗanɗanon kamar ciwo. Gwiwoyina ba su kai ni fadama. Na roƙi ɗana ya saro mini ƙasar surin nan, ya kawo a bisa jaki. Ya ce Inna, wa ya taɓa shuka wannan abu? Amma ya kawo. Na farfasa ta, na shimfiɗa a inuwa bayan rumbu. To ni manomiyar albasa ce tun ina ɗiya, hannuna bai san a shuka abu babu taki ba. Na kwaso kashin shanu na gauraya sosai, na rufa da kara, kullum ina yayyafa ruwa daga bido, wato jarka.

Abu ya fito kuwa. Sai dai ba farin ba ne. Ƙanana ne masu siraran ƙafa, sun yi cincirindo inda takin ya fi yawa.

Ina tsugune ina kallonsu sai ga taubashiyata, tsohuwa kamata, wadda ba ta shigowa gida sai da tsokana. Ta ce ashe gonar kwaɗi na buɗe, yaushe za a fara kai wa kasuwar Buza? Na ce ita zan fara ba ɗanɗano, tunda ba ta da haƙoran nama. Muka yi dariya. Sai ta rage murya, ta ba ni labarin wani makiyayi a garin da ta yi aure, da ya ci irin wannan cikin rashin sani. Wai ya wuni zaune gindin gawo yana fira da uwarsa da ta daɗe da rasuwa, yana miƙa mata hura. Ita abin dariya ta ɗauke shi. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Bayan ta tafi na kasa tashi daga wurin. Na riƙa tunanin wuni guda da maigidana, in gaya masa an yi wa jikarsa aure, in ce masa gatarinsa na nan inda ya rataye. Kwanaki ina zagaya bayan rumbu, in duba, in komo. Har wata safiya na tsinko su cikin ƙwarya na zauna bakin murhu.

Nan taubashiyar ta iske ni. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, wannan karon ba ta yi wasa ba.

Ta ce, “Ke, mi za ki yi da wanga abu?”

Na ce, “So nike in ga maigidana, ko sau ɗaya.”

Ta zauna kusa da ni, ta ce, “In ya zo ya iske ki kina ta surutu da bango, kallabi a ƙasa, mi za ya ce?”

Na san abin da zai ce. Mutumin da ko taba bai taɓa saka wa bakinsa ba. Zai ce ba ya gaya mini na kashin shanu ba a ci ba? Sai na ji muryarsa sarai a kunnena, har da yadda yake jan ƙarshen magana in ya ji haushi. Na fashe da dariya, kuka ya biyo baya, ita ma ta taya ni. Ashe ban rasa muryar ba, tana nan tare da ni ba da cin komi ba.

Mu biyu muka haƙa rami muka binne su, don kada kaji su tsattsaga. Wurin kuwa, tunda ya sha taki, na zuba irin yakuwa da kuɓewa. Ban taɓa ganin yakuwa ta yi kyau haka ba, har maƙwabta na aikowa a tsinka musu.

Farin naman kaza bai fito a gidana ba, na gane sai inda gara ke da rai yake yi. In an yi ruwa mai kyau, ɗana ya kan bi ta wajen surin, wani lokaci ya samo, wani lokaci ya komo hannu wofi. In ya samo, in soya da albasa, in kira taubashiyata. Ta ce ƙazanta ce, ta kuma siɗe kwano. Ganin maigidana kuwa, na bar wa Allah ranar. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, kuma ina jira da hankalina a jikina.