Kaka da Jiragen Tarabulus

Jiya fatake suka sauka bakin rijiyarmu a Dakoro, na sayi allura, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. Da ƙuruciya ya taɓa raka ayarin gashin jimina har Tarabulus, bakin teku. Tun daga nan, duk hajar da ta zo sai ya shinshina ta, ya ce, “Wannan ta hau ruwa.”

Wata rana yana ba mu labarin jirgin ruwa guda da ya haɗiye kayan ayarinsu kaf, bai cika ba. Kakarmu ta ajiye mazari ta ce, “Malam, rage kaɗan, yara na ji.”

Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. “Wallahi ragewa na yi don ku yarda.”

Allah Ya jiƙansa, Ya ba shi masauki mai inuwa.